Tsibirai bakwai a takarda, huɗu a ƙasa

Takardar da na zana tsarin tafiyarmu a kai tana nan har yau, na adana ta ne don in riƙa yi wa kaina dariya. Kwana 14, tsibirai 7 na ƙasar Girka: Paros, Naxos, Santorini, Amorgos, Mykonos, Tinos da Syros, kowanne kwana bibbiyu. Na ja layi da jan biro daga wannan zuwa wancan sai ka ce kakana ne ya bar mini gadon tekun. Ƙanena ya duba ya ce, "Yaya, wannan hutu ne ko gudun fanfalaki?" Na ce masa biza da jirgin sama sun riga sun cinye rabin guzurinmu, saboda haka sai mun fanshe kuɗinmu da yawan wuraren da muka taka.

Tun a Piraeus, babbar tashar jiragen ruwa ta birnin Atens, aka fara koya mini hankali. Na ɗauka wuri ne guda da mutum zai shiga ya hango jirginsa. Ashe gari ce sukutum, ƙofofinta na da lamba daga E1 har E12, kuma daga wata zuwa wata tafiya ce mai sa gumi. Ba mu duba lambar da ke kan tikitinmu ba sai da muka tsaya a inda ba namu ba. Da jakunkuna a baya muka yi ta sheƙa gudu da sassafe, muka shiga jirgi ana shirin ɗage ƙofa.

Tikitin da muka yanka shi ne mafi araha, wanda ba shi da lambar kujera. Kana da izinin zama a falon gama-gari ko a sarari a saman jirgi, duk inda ka samu. Na shiga da shirin shan wahala, amma wallahi wannan awa huɗu da 'yan kai zuwa Paros na cikin abin da na fi tunawa a tafiyar gaba ɗaya. Jirgin ƙato ne, ciki ɗauke da motoci da manyan tireloli na kayan abinci, don haka da ƙyar kake jin motsinsa. Mun samu benci a bayan jirgi inda bango ya tare iska. Gefenmu wata tsohuwa ta ɗaure karenta a ƙafar tebur tana fere tuffa da 'yar wuƙa, can kuma samari sun shimfiɗa tabarmin roba suna sharar barci. Waɗanda suka saba sun zo da burodinsu da ruwansu, mu kuwa sabbin shiga muka sayi shayi a kantin cikin jirgi, muka ji a aljihunmu.

Saukar ma abin kallo ce. Jirgi ba ya daɗewa a kowane tsibiri, 'yan mintoci ne. Tun kafin ya iso ake shelar kowa ya gangara ƙasa wurin motoci ya ɗauki kayansa, a tsaya cikin zafi da warin man dizal, ƙararrawa na kaɗawa, ƙatuwar ƙofar baya na sauka sannu a hankali har haske ya shigo. Da ta taɓa ƙasa sai tururuwa: mutane, babura, motoci, ma'aikata na busa usur. Wanda ya tsaya neman takalminsa a sama, sai dai ya sauka a tsibiri na gaba.

Daga Paros zuwa Naxos na yi wautar farko ta kuɗi. Tafiyar ba ta kai awa guda ba ko a babban jirgi, amma na yanki tikitin jirgi mai gudu don kada mu ɓata lokaci. Mun biya kuɗi mai tsoka fiye da na babban, aka zaunar da mu a kujeru kamar na jirgin sama, tagogi duk gishiri ya dusashe su, ba damar fita shan iska. Abin da muka rage bai wuce mintocin da muka ɓatar a layin shiga ba.

A Naxos ne takardata ta mutu. Akwai wata iska da ake kira meltemi, tana busowa daga arewa a tekun Aegean, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma takan yi kwanaki ba ta lafa ba. Abin da ke ruɗin baƙo shi ne babu hadari, babu ko ɗigon girgije, sama tas, rana tau, amma teku ya yi fari da kumfa. Mutanen wurin da bofo suke maganarta, wato ma'aunin ƙarfin iska wanda ke tashi daga 0 zuwa 12. Mai masaukinmu, wani dattijo, ya leƙa taga da safe ya ɗaga mini yatsu takwas, ya girgiza kai. Ban gane ba sai da saƙo ya shigo wayata cewa an soke jirginmu mai gudu zuwa Santorini. Ƙanana masu gudun su ake fara dakatarwa, manyan kan ci gaba da tafiya har sai iska ta kai inda hukumar tasha za ta hana kowa fita. Babban jirgin ranar kuwa ya cika maƙil da waɗanda suka riga mu farga.

Kuɗin tikiti an mayar mana, wannan ba gardama. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177 ta 2010 ta ce in an soke tafiya, ko jinkirin tashi ya wuce minti 90, fasinja na da zaɓin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgin. Ta ma tanadi masauki har yuro 80 a dare, na dare 3. Sai dai akwai togaciya: in yanayi ne ya hana tafiya, masaukin ba ya kan kamfani. Ɗakin da na biya tun da wuri a Santorini, irin wanda ba a mayar da kuɗinsa saboda ya fi sauƙi, shi ke nan ya tafi. Shi ne ɗaki mafi tsada a duk tafiyar, kuma ko ƙofarsa ban gani ba. Ƙanena bai ce komai ba, sai da dare yana kwance ya ce, "Yaya, jan biron yana nan?"

Mun yi kwana 5 a Naxos maimakon 2, kuma a nan na gane inda kuɗi ke zurarewa. Kowace ƙaura ba tikiti kaɗai take ci ba. Tana cin rabin yini, da motar zuwa tasha, da abincin da za ka saya a tsaye don ba ka da wurin dafawa, da ragowar mai da gishiri da ka bari a ɗakin baya. Da muka zauna, dattijon ya rage mana kuɗin ɗaki ba tare da doguwar magana ba. Akwai ɗan risho da tukunya biyu, muka riƙa dafa dankalin tsibirin, wanda ya yi suna a duk Girka, da tumatir da cuku. Ruwan sha muka riƙa saye a manyan robobi maimakon ƙanana. Motar haya ta gari ta kai mu ƙauyukan kan tudu, Halki da Apiranthos da Filoti, shi Filoti a gindin dutsen Zas da ya ɗan haura mita 1,000, mafi tsayi a rukunin tsibiran Cyclades. Da yamma sai mu taka zuwa Portara, wata ƙatuwar ƙofar marmara da ke tsaye ita kaɗai a bakin tasha, ragowar haikalin da aka fara ginawa wajen shekara 530 kafin haihuwar Annabi Isa ba a kammala ba. Ko sisi ba a biya.

Da iska ta ɗan sassauta muka bi wani ƙaramin jirgi da ke tashi daga Naxos da rana, yana tsayawa a ƙananan tsibirai, Iraklia, Schinoussa, Koufonisi, kafin Amorgos. Shi ne motar kasuwar mutanen wurin, da shi ake kai musu kwalaye da buhuna. Araha gare shi, amma yana rawa. Maganin jirin da muka saya yana ƙasan jaka, kuma shi kafin a tashi ake sha, ba bayan ciki ya juya ba. Ƙanena ya rungume leda, fuskarsa ta yi toka. Wani ma'aikaci ya kama hannunsa ya fito da shi waje, tsakiyar jirgi, ya nuna masa inda sama ta haɗu da ruwa, ya yi masa alamar ya kafa ido a can. Ya taimaka. Duk da haka a Koufonisi ya ce shi kam ya iso, ko da kuɗi ba ya ƙara taku. Haka tsibirin da ba ya cikin takarda ya samu kwana 2, kuma ƙarami ne har ba ka buƙatar abin hawa.

Amorgos tana da tashoshi biyu, Katapola da Aegiali, tsakaninsu fiye da rabin awa a mota kan hanya mai kwana-kwana. Ɗakinmu na Aegiali, jirginmu ya sauke mu a Katapola da dare, motar haya ta ƙarshe ta wuce. Kuɗin tasi ya zama kuɗin makaranta. Gidan ibadar Hozoviotissa da ke manne a jikin dutse kamar an shafa farar ƙasa, can sama da teku, ya sa na yafe wa tsibirin.

Abu ɗaya na yi daidai, shi ma bayan na sha duka. Ranar 15 ga Agusta babbar ranar biki ce a Girka, masu ziyarar ibada na tururuwa zuwa Tinos, 'yan birni na komawa tsibiransu, jirage da ɗakuna duk su cika. Na soke Tinos da Mykonos da Syros, na yanki tikitin komawa Piraeus a babban jirgi tun da sauran wuri, na kuma bar kwana guda cur tsakanin isowarmu da tashin jirgin samanmu. Ƙanena ya yi ƙorafin asarar kwana ce. Jirgin ruwan ya makara da awa biyu da wani abu, kuma a kan bencin da ke kusa da mu wata mata na ta duba agogo tana kiran kamfanin jirgin sama, muryarta na rawa. Mu muka buɗe burodinmu. Santorini dai a jikin katin hoto muka gan ta, a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Piraeus, ƙanena ya saya ya maƙala a bayan takardar tawa.