Kiwon zuma a ƙasar Zazzau: kuɗin da ke shigowa da bazara

Babbar matsalar manomin ƙasar Zazzau ita ce kuɗinsa a lokaci guda suke zuwa. Da kaka masara da dawa da waken suya su cika kasuwar Giwa da ta Makarfi, farashi ya karye, ya sayar ya biya bashi. Kafin Afrilu da Mayu, lokacin sayen taki da iri da biyan kuɗin huɗa, hannu ya bushe. To, daidai wannan tsakanin ne zuma take nuna. Ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da rimi suna fure tun cikin hunturu, darbejiya ta biyo baya, ƙudan zuma su cika saƙa, a ɗiba daga ƙarshen Fabrairu har zuwa faɗuwar ruwan fari. Sana'a ce da ba ta cin fili, ba ta neman taki ko dusa, kuma ba ta karo da aikin damina.

An daɗe ana maganar Najeriya ta rage dogaro da man fetur, amma idan aka tashi zancen sai a tafi ga manyan masana'antu. A ganina faɗaɗa hanyoyin samu daga cikin gida yake farawa, ranar da magidanci ya samu abin sayarwa na biyu da na uku bayan hatsi. Habasha ce kan gaba a Afirka wajen samar da zuma, kuma mafi yawanta daga ƙananan manoma masu amya irin ta gargajiya take fitowa. Tanzaniya kuwa ta daɗe tana fitar da kakin zuma zuwa ƙasashen waje. Ba wata babbar na'ura ce ta kai su nan ba, yawan masu kiwon ne da tsarin tarawa da tacewa.

Amyarmu ta gado, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu a ɗaure a reshen ɗorawa, ba abin rainawa ba ce. Ba ta cin kuɗi, kuma ƙudan zuma suna saurin shigarta. Aibinta yana wajen ɗiba: da dare ake hawa da wutar kara, a ƙone ƙudan, a kwaso saƙar zuma da ta 'ya'ya a haɗe. Zumar ta fito da ƙauri da toka, gidan kuma ya watse, baɗi sai an sake jiran wasu.

Abin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne akwati mai sanduna a sama, samfurin da aka inganta a Kenya a farkon shekarun 1970. Kowane kafinta a Sabon Gari ko Samaru zai iya haɗa shi idan an tsaya a kansa. Tsawonsa kamar mita 1, faɗin baki wajen santimita 45, faɗin gindi wajen 20, zurfi wajen 30, bangon gefe a karkace yadda ƙudan ba za su manna saƙa a jikinsa sosai ba. Ana jera sanduna 27 zuwa 30 a bakinsa, a ɗora murfi mai rufin kwano. A huda ƙofofi shida zuwa takwas a gefe ɗaya, kowace kada ta wuce santimita 1, don kada ƙadangare da manyan ƙwari su samu hanya. Katakon ya zama busasshe, malaina ta wadatar. Ɗanye yana kantarewa ya buɗe kafa.

Awon da ba ya karɓar kuskure shi ne faɗin sanda: santimita 3.2 cif. Wannan ita ce tazarar da ƙudan zumarmu na Afirka suke bari daga tsakiyar saƙa zuwa tsakiyar ta kusa da ita. Idan kafinta ya yi 3.5 ko 4 don sauƙin yanka, ƙudan za su bi nasu awon, saƙa ɗaya ta haye sanduna biyu ko uku, ranar dubawa kana ɗaga sanda komai ya yage. Akwatin ya koma amya ke nan, sai dai mai tsada. A ƙarƙashin kowace sanda a tsaga layi a tsakiya, a zuba narkakken kaki, shi ne zai nuna musu inda za su fara gini.

Ba a sayen ƙudan, jawo su ake yi. A goge cikin akwati da kaki mai ɗumi, a murza ganyen ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami a bakin ƙofa. A girke shi tun ƙarshen damina, wajen Oktoba, lokacin da suke yawan tashi neman sabon gida. Idan ya yi wata guda babu kowa, a buɗe a share yanar gizo-gizo da gidan zanzaro, a sake shafa kaki. Kada wanda ya kafa goma ya sa ran duk za su cika a shekarar farko.

Wurin ajiyewa yana kashe kiwo fiye da yadda ake zato. Ƙudan zumarmu masu zafin rai ne, saboda haka a nisanta da gidaje da makaranta da hanya da turken dabbobi, aƙalla mita 200. Akuyar da ke ɗaure ba ta da hanyar gudu. A nemi inuwar bishiya, domin zafin Maris da Afrilu yana narkar da saƙa ta zube a cikin akwatin da ke rana. Ƙofa ta ba arewa maso gabas baya, inda iskar hunturu ke fitowa. A ɗora akwati a kan ƙafafu daidai ƙugu, a tsoma kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai saboda tururuwa da kwarkwasa da gara, kuma kada ciyawa ta taɓa jikinsa ta zame musu gada. A share kewaye fes kafin a fara ƙona daji. Wanda yake kusa da fadamar Galma ko Kubanni ya huta da zancen ruwa. Wanda yake tudu sai ya ajiye kasko da ruwa da tsakuwa ko karare a ciki don su samu wurin sauka. Rashin ruwa da rani, da tururuwa, da yawan buɗe akwati ba dalili, su ne manyan abubuwan da ke sa su yi ƙaura su bar maka fanko.

Sai feshi. Wake da tumatir da auduga duk ana yi musu maganin ƙwari, galibi suna cikin fure, kuma ƙudan suna tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman abinci. Mai kiwo ba shi da iko da gonar wani, amma yana da baki. Ya roƙi maƙwabta su riƙa feshi da yamma liƙis bayan ƙudan sun koma, ya kuma nuna musu cewa riɗinsu da kankanarsu da kabewarsu sun fi 'ya'ya idan ƙudan suna ziyartar furen.

Ranar ɗiba a je da sanyin yamma, mutum biyu, da rigar kariya mai raga a fuska, safar hannu, takalmin roba, wuƙa, bokiti mai murfi da abin busa hayaƙi. Busasshen kashin shanu ko totuwar masara suna ba da hayaƙi mai sanyi. Ban da roba da tsumma mai mai. A busa kaɗan a ƙofa, a dakata minti biyu, a fara buɗewa daga bayan akwati, domin can suke ajiye zuma, 'ya'ya kuma suna kusa da ƙofa. A yanki saƙar da aƙalla kashi uku cikin huɗu nata a rufe yake da kaki, a bar kamar faɗin yatsa a jikin sanda don su ɗora sabon gini. Wadda ba a rufe ba ruwa ne ya yi mata yawa. Zumar da ruwanta ya haura kashi 20 cikin 100 takan yi tsami ta yi kumfa a jarka. Kada a taɓa saƙar 'ya'ya, kuma a bar musu saƙar zuma biyu ko uku, domin tsakiyar damina lokacin yunwarsu ne. Idan an yi harbi, a kankare ƙarin da farce a busa wa wurin hayaƙi. Wanda fuskarsa ta kumbura ko numfashi ya fara yi masa wuya, a garzaya da shi asibiti nan take.

Wajen tacewa ake zubar da daraja. Dafa saƙa a kan wuta yana baƙanta zuma ya kashe ƙamshinta. A farfasa saƙar a kan kyalle mai tsabta da aka ɗaure a bakin bokitin roba, a rufe, a bar ta ta tsiyaye da kanta a ɗaki mai ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku a kwashe abin da ya taso sama, a ɗura a busassun kwalabe. Ban da garwa ko tukunyar ƙarfe mai tsatsa. Lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kimanin kilo 1.4, wannan ma awo ne da mai saye zai iya gwadawa. Masu haɗa ta da narkakken sukari ko mazarƙwaila sun sa mutane zargin kowa, har ana ƙin zumar da ta daskare da sanyin hunturu, alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce ta gaskiya. A saka kwalbar cikin ruwa mai ɗumi, za ta saki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kaki da ake watsarwa bayan an matse zuma. A wanke tuƙar, a zuba a tukunyar alminiyam da ruwa, a ɗora a wuta marar ƙarfi. Kaki yana narkewa a wajen digiri 63, ba ya buƙatar tafasa mai tsanani. A tace da buhu, a bar shi ya huce a hankali, washegari a ɗauke shi curi guda a saman ruwa a kankare dattin ƙasansa. Ba ya lalacewa ko ya shekara, kuma masu man shafawa da kyandir da man takalmi da dukawa duk suna nemansa. Wannan aiki ne da matan gida za su riƙe ba tare da sun je daji ba.

Shirye-shiryen tallafi sukan tsaya a rabon akwatuna, a ɗauki hoto a watse, bayan shekara a tarar kaji na ƙwai a ciki. Abin da ke ɗorewa shi ne mutum goma ko ashirin su haɗa kai, kowa ya fara da akwati uku zuwa biyar, su yi tarayya a rigunan kariya da na'urar auna ruwan zuma, su nemi malamin gona ya riƙa zagayo su har su ga ɗiba biyu. Zariya ba ta rasa masana ba, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR ga cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS a Samaru. Idan zumar ta taru, ƙungiyar ce za ta iya neman rajistar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da kwalba mai suna, wanda sai da su manyan kantunan Kaduna da Kano da Abuja suke karɓar kaya.