Abin da ya sa ban mayar da Marsandita kafireto ba

Duk mai riƙe da tsohuwar Marsandi mai injekta a Kano ko Kaduna, na tabbata an taɓa ba shi shawarar nan: a cire injektar a sa kafireto, kowa ya huta. Ni ma an ba ni, kuma masu ba ni ɗin ba da mugun nufi suka yi ba. Tawa 230E ce ƙirar 1990, cikin jerin da kamfanin ke kira W124, mu kuma muke ce wa V-Boot. A ƙarshen 1984 aka fara fito da su, aka ci gaba har 1995, kuma tawa tana cikin waɗanda aka yi wa kwaskwarimar 1989, masu faffaɗar roba a gefen ƙofofi. Injinta M102 ne, silinda huɗu, lita 2.3, giya otomatik mai hawa huɗu. A hannun wani dattijo ɗan fansho na saye ta a Zariya, ya daɗe da jingine ta a ƙarƙashin rumfa tun da idonsa ya fara ba shi wahala. Bodi lafiya lau, kujeru ko yagewa babu. Ciwon yana ƙarƙashin bonet.

Da safe sai an yi ta murza makulli ana taka totur kafin ta kama. In ta kama, silo ya dinga hawa yana sauka, fitilar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, tana kunnuwa tana mutuwa yadda ta ga dama. In kuma ta ɗau zafi ka kashe ta, ka shiga masallaci ka fito, to sai ka nemi inuwa ka zauna, don ba yanzu za ta tashi ba. Ga shan mai, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ya daina zama abin da mutum zai kau da kai a kansa. Bakaniken farko da ya leƙa bai ko ɗauki sifana ba. Cewa ya yi, "Alhaji, injektar nan ta tsufa, ba mai iya mata yanzu. Kawo kuɗin kafireto, gobe war haka kana kan titi."

Kafireto ba abin kunya ba ne a jikin Marsandi. Kamfanin da kansa ya yi samfurin 200 da shi, sai dai ita ƙarfinta bai wuce doki 109 ba, alhali 230E tana ba da 132 zuwa 136. Abin da ya tsaya mini shi ne irin aikin da na sha gani ana yi. Famfon man injekta yana turo fetur da ƙarfin da ya haura ba 5 ("ba", wato bar, shi ne ma'aunin matsi), shi kuwa kafireto ko rabin ba ɗaya ba ya so, don haka dole a sauya famfo a yi ta haɗa tiyo da waya a saman inji mai zafi. Sannan giyar otomatik ɗin nan ba kwamfuta ke sarrafa ta ba. Da wata waya da ke haɗe da totur take sanin yadda ka taka, da kuma iskar da inji ke zuƙa ta wani siririn tiyo. Ranar da aka cire kan injekta aka jefar, sai a ɗaure wayar nan a duk inda ta kai, giya ta fara shiga da duka ko ta yi ta santsi. Wata shida a ce maka giyabos ya mutu. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Wani abokina mai Marsandi 190 ne ya kai ni wurin wani tsohon bakanike da ya koyi aiki tun zamanin Regula, wato W123. Na gama zayyana masa duk abin da motar ke yi da abin da nake shirin saye, sai ya ce, "Ɗana, a cikin duk abin da ka lissafa, wanne ka auna?" Ya sa yaronsa ya janye wata robar da ke bayan batir, ya zaro wani ɗan rile mai murfi garai-garai da fiyus mai amfiya 10 a kansa. Sunansa OVP, aikinsa ya kare kwamfutar inji da ta ABS daga wuta mai yawa, kuma ta cikinsa suke samun wutar tasu. Fiyus ɗin lafiyarsa ƙalau, amma da aka buɗe cikin, dalmar da ta riƙe ƙafafunsa ta tsattsage. Wutar tana zuwa tana yankewa.

A nan na fara gane wace irin injekta ce a motar. KE-Jetronic ce ta kamfanin Bosch, wadda ta fito a 1982, jikar tsarin K-Jetronic na 1973. Kusan duk aikinta na ƙarfe ne da matsin mai. Iskar da inji ke ja tana danna wani faifai ƙasa, faifan yana ɗaga wani ɗan fistin a cikin kan da ke raba mai, mai ya bi bututan ƙarfe huɗu zuwa nozul huɗu, su kuma suna feshi babu tsayawa muddin inji na juyawa. Ko waya ɗaya babu a jikin nozul ɗin, matsi ne ke buɗe su. Kwamfutar gyara kawai take yi: ta ƙara mai da sanyin safiya, ta riƙe silo, ta rage in abu ya yi yawa, duk ta hanyar wani ɗan baƙin akwati da ke manne a jikin kan, wanda ake kira EHA. Shi ya sa ko kwamfutar ta rasa wuta gaba ɗaya motar za ta kai ka gida, sai dai tana tafe tana tari. Mutane da dama sun zubar da tsarin da babu abin da ya same shi saboda rile ɗin da bai kai kuɗin cika tanki ba. Da muka sa sabo, fitilar ABS ta mutu, tashin safe ya dawo murzawa ɗaya.

Ƙin tashi da zafi kuwa sai da muka sa agogon auna matsin mai. Baba bakaniken yana da nasa, tsoho, a nannaɗe cikin tsumma, kuma ba ya ba da aronsa. Inji na aiki, allura ta tsaya tsakanin ba 5.3 da 5.5, daidai yadda ake so, alamar famfo da mai daidaita matsi suna nan da ransu. Amma ana kashe mota sai ta faɗi ƙasa warwas cikin ƴan mintuna. Ya kamata a ce matsin ya saura wajen ba 3 na tsawon lokaci, don kada fetur ɗin da ke cikin bututai ya tafasa ya zama tururi a kan inji mai zafi. Mai riƙe matsin wani gwangwani ne a ƙarƙashin mota kusa da tayoyin baya, tare da famfo da filta, akwai sifirin da fatar roba a cikinsa. Gwajinsa ba wuya: ka zare ƙaramin tiyon da ke bayansa, in mai ya zubo to fatar ta fashe. Namu ya zubo. Muka sauya shi tare da filta, muka sa sababbin nozul da robobinsu, don tsofaffin robobin sun bushe sun zama kamar busasshen ƙashi, iska na shiga ta gefensu ba tare da faifan ya auna ta ba. Haka tiyoyi biyu na bawul ɗin silo, duk sun dare ta ƙasa inda ido ba ya gani.

Akwai wani rami a tsakanin faifan da kan raba mai, inda ake zura makulli mai kusurwa shida na milimita 3 a daidaita yawan mai. Wannan ramin ya kashe V-Boot da yawa a ƙasar nan. Duk wanda motar ta gagara sai ya zura makulli ya juya, silo ya ɗan gyaru na yini biyu, ainihin ciwon yana nan, kuma yanzu an ƙara masa wani. A tawa ma an riga an taɓa. Baba bai yarda an kusance shi ba sai da aka toshe duk wata ɓarakar iska, aka tabbatar da filogi da wayoyinsu da murfin distirbuta, sannan ya juya shi kaɗan-kaɗan, abin da bai kai kwatar zagaye ba, yana leƙa mita. EHA kuwa cewa ya yi in na ga wani ya nufe shi da sukudireba in karɓe makullin motata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne alaƙar shan mai da tamostat. A wurinmu ana ɗaukar cire tamostat kamar wajibi: mota ta sauko daga Kwatano, a zare shi a jefar, a ɗaure fanka ta dinga juyawa kullum, wai ai na ƙasar sanyi ne. Tawa ma haka na same ta, allurar zafi ba ta wuce 60 a kan hanya, lokacin hunturu ma ko nan ba ta kaiwa. To injin an ƙera shi ne ya yi aiki a sama da digiri 80, tamostat ɗinsa yana buɗewa a 87. Akwai sensa a kan inji da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa, tana nuna wajen om 2,500 (ma'aunin turjiyar lantarki) a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Muddin ruwan bai yi zafi ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu safiya ce, tana ta ƙara mai. Man da ya yi yawa yana baƙanta filogi, yana wanke bangon silinda, yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Kuma a irin wannan injin, tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, don haka cire shi yana iya jawo zafin da ake gudu a cikin cunkoso.

Na mayar da shi, na gyara fankar, wadda a M102 maganaɗisu ne ke kama ta idan zafi ya kai wajen 100. Lagireton na sauya shi ɗungurungum, don wuyansa na roba ne kuma ya fara canja launi, irin wanda ke ɓallewa ba sallama. Na daina zuba ruwan rijiya. Kan injin alminiyom ne a bisa gangar ƙarfe, ruwa zalla yana cin sa a hankali har gaskit ya buɗe. Tun daga nan, ko a watan Afrilu a cunkoson Kano, allura tana ɗan haura 80, ta taɓa 100, fanka ta kama da ƙararta, ta sauko. Mai sabon shiga yana ganin haka sai gabansa ya faɗi, alhali haka aka yi ta.

Ƙafafu ba su ba ni labari mai tsawo ba, sai abu guda da ba na wasa da shi. A W124 sifirin ɗin gaba a kan hannun ƙasa yake zaune, ba a jikin shokazoba ba, don haka nauyin motar yana bi ta kan boljoyin. In robarsa ta yage ƙura ta shiga, ba lallai ya yi ƙara ba, sitiyari ne zai ɗan yi tauri, wata rana kawai taya ta kwanta. Na sauya duka biyun ba tare da jiran alama ba. Sifirin ɗin kuma dogo ne mai mugun ƙarfi, akwai abin matse shi na musamman da ake zurawa ta ciki. Da na ga yaro ya ɗauko igiya da jak, na ce a dakata sai an samo. Baya kuwa hannuwa biyar-biyar ne kowane gefe, tsarin da aka fara da shi a 190 a 1982, kuma in bushin ɗinsu ya mutu za ka ji gindin motar yana karkata in ka taka ko ka saki totur. Sai robar da ke haɗa giya da farfela, ita ma a leƙa ta duk lokacin juye.

Ba wai ina ƙin a canja komai ba ne. Hanyoyinmu ba na Jamus ba ne, kuma na ɗaga motar kaɗan, amma da abin da kamfanin ya tanada. A saman kowane sifirin akwai robar da ake gane kaurinta da ƴan ƙulle-ƙullen da ke bakinta, daga ɗaya zuwa huɗu, wato milimita 8, 13, 18 da 23 a gaba. Na sa mai kauri, ta daina goga ciki a kan tudun rage gudu, kuma tafiyarta ba ta lalace ba. Na bar wil ɗinta na inci 15 da taya 195/65. Matasa masu sa inci 18 da siririyar taya, ban ce ba ta yin kyau a hoto ba, amma ramin farko a hanyar Zariya zai gaya musu kuɗin wil. Na sa wa fitilun gaba rile don wuta ta dinga zuwa kai tsaye daga batir, na sa rediyo mai haɗuwa da waya ba tare da an yanka ko waya ɗaya ta asali ba. Iyakar kwalliyata ke nan.

Kayan gyara ana samu, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, sai dai a san abin da za a saya tsoho da wanda ba a saya. Ƙarfe, fitila, ƙofa, kan raba mai, ɗan Beljiyam ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Roba kuwa, ko tiyo ko bushin ko boljoyin, tsoho ba shi da amfani, don shekarunsa ɗaya da wanda ka cire. Ina tafiya da lambar kayan a rubuce, wadda ke jikin tsohon, don "na V-Boot" kaɗai ba ya isa: waɗanda aka yi daga ƙarshen 1992 zuwa sama inji daban ne, M111 ko M104, masu injekta ta lantarki, kuma su ciwonsu wayarin inji ne da rigarsa ke marmashewa da zafi. Mai neman saye ya murza wayoyin da yatsa kafin ya yi ciniki.

Yanzu a doguwar hanya lita ɗaya tana kai ni kilomita tara zuwa goma, a cikin gari ƙasa da haka, kuma ba na tsammanin mota mai nauyinta da shekarunta ta yi abin da ya fi wannan. Saura na'urar sanyaya ciki, wadda asalinta iskar R12 take sha, sai an sauya robobi da mai kafin a zuba mata R134a. Na ce wa mai gyaran sai bayan damina, kuma sai ya nuna mini injin zuƙe iskarsa yana aiki tukuna.