Sauya manhajar jami'a: a fara lissafi daga ranar rajista

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatun jami'o'i mai suna CCMAS domin ta maye gurbin tsohuwar, wato BMAS. Kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasan daga hukumar suke, ragowar kashi 30 kuma kowace jami'a ta tsara nata. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin, tana ganin an shiga hurumin majalisar dattawan jami'a, kuma kukan nata abin sauraro ne. Amma ko da an yarda da manhajar, takardar umarni daga ofishin shugaban jami'a ba ta isa ta aiwatar da ita ba.

Abin da ke aiki shi ne a kafa ranar buɗe rajistar sababbin ɗalibai, a riƙa lissafi baya-baya. Kafin rajista, sai an shigar da lambobin kwasa-kwasan a shafin intanet na jami'a. Kafin nan sai majalisar dattawa ta amince, ita kuma tana jiran kwamitin tsare-tsaren karatu, shi yana jiran tsangaya, tsangaya tana jiran sashe. Mako biyu da sashe ɗaya ya ɓata na iya sa a rasa zaman majalisa, a jira na gaba. Saboda haka kowane mataki a rubuta masa wa'adi a jadawalin Gantt, wato jadawalin da ke nuna lokacin farawa da gama kowane aiki, da sunan mutum guda da za a tambaya. In aka rubuta "kwamiti", babu wanda zai amsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsofaffin ɗalibai. Suna kan tsohuwar manhaja har su kammala, don haka manhaja biyu za su tafi tare na shekara uku a digiri mai shekara huɗu, biyar a likitanci mai shekara shida, da malamai da ɗakunan karatu iri ɗaya. To, ɗalibin da ya faɗi kwas ɗin aji ɗaya, ya dawo ya tarar an cire shi fa? Dole sashe ya fitar da teburin da ke nuna sabon kwas ɗin da ya yi daidai da tsoho, majalisa ta amince da shi tun kafin rajista. In ba haka ba, sai ranar haɗa sakamakon kammalawa matsalar za ta fito, yaro ya rasa tafiya bautar ƙasa da sa'anninsa.

Wa'adin ma gara a ɗaura shi da makonnin zangon karatu maimakon kwanan wata, tunda yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya cinye.