Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ranar da na hana Baba ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da jinkirin satin nan, wallahi abubuwa ne suka yi mani yawa. Wancan satin mun tsaya inda likita ya ce ƙodar Baba duka biyun sun gaza, hawan jinin da ya daɗe yana wasa da shi ga kuma maganin ciwon jiki da yake saye a kemis yana watsawa kamar gyaɗa, yanzu sai dai wankin ƙoda.

To an fara. Sau biyu a sati muke tasowa daga Daura zuwa Katsina, likita ya ce sau uku ya kamata amma aljihu ne ya yanke mana hukunci, Baba ya kwanta awa 4 jini na fita ta roba ya shiga inji ya dawo, ni kuma ina zaune a benci ina jan carbi.

A nan na haɗu da wata nas dattijuwa da kowa ke ce ma Sista, ita ta koya mani jinya. Ta ja ni gefe ta ce ƙanwata inji nasa awa 4 ne, sauran kwanakin ke ce ƙodarsa. Ta sa na nemo roba mai awo da ɗan littafi, duk fitsarin da ya yi in auna in rubuta, abin da ya fitar jiya in ƙara masa kamar ledar fiya wata ɗaya a kai, wato rabin lita, shi ke nan ruwansa na yini. Kuma fa ba ruwan sha kaɗai ba, koko, shayi, fura, miya, har kankana duk cikin lissafi suke. Kanwa ta ce in manta da ita, ayaba da dabino ma a ja baya saboda wani sinadari wai shi fotasiyam, in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya.

Ku da kuka san zafin Daura a watan Afrilu ku kwatanta. Ranar wata Laraba bayan azahar Baba yana kwance a zaure leɓensa duk ya tsattsage, ya nuna randa ya ce ɗiyata ɗan ɗebo mani a moɗa. Na duba littafi, saura rabin kofi kuma sai dare. Na ce Baba ka yi haƙuri. Ya dube ni ya daɗe, ya ce mi na yi maki? Ko kare aka ba ruwa ana samun lada. Ban iya cewa komai ba, na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka har na gode Allah.

Ashe Goggo ƙanwarsa tana ji. Ita dama tun farko ta ce asibiti sun mayar da ni marar imani, ta bi bayana ta dama masa fura kwano guda ta haɗa da wani jiƙo da aka kawo mata daga ƙauye. Ban ga laifinta sosai ba gaskiya, tausayi ne, amma kwana biyu ana haka ban sani ba. Daren Alhamis Baba ya kasa kwanciya, sai a zaune yana haki, ƙafa ta kumbura in ka danna yatsa ramin ya tsaya. Da asuba muka ɗauki shatar mota. Da aka ɗora shi a sikeli ya ƙaru da kilo 4, Sista ta ce wannan ba ƙiba ba ce ruwa ne, ya fara hawa huhu.

Ba ta yi mani faɗa ba. Ta ce in rage gishiri da magi sosai don su ke kawo ƙishin, in daskarar da ruwan nasa ƙananan ƙanƙara ya riƙa tsotsa, ko ya kurkure baki ya zubar, ko ɗan yankin lemun tsami. Sannan ta ce wace ce Goggon? Kira mani ita.

Abin da ya faru tsakaninsu a barandar nan, da maganar da Yaya ya kawo ta sayar da gonar Baba, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.