Ƙofa ɗaya na buɗe wa Baba

Lahadi da dare, Yamai.

Sha ɗaya ta wuce, gida ya yi tsit, sai tarin Baba da nake jiyowa jifa-jifa daga ɗakin baya. Bari in rubuta abin da ya cinye mini yinin yau tun lambobin ba su ɓace mini ba, don na san wata rana zan neme su.

Tun da aka fara kokowar Takobi, gasar kokowar gargajiya ta ƙasar Nijar, Baba ya rasa sukuni. Wata biyu ke nan ƙafa ta hana shi fitowa falo, ga sanyin hunturu, likita kuma ya ce a rage ɗaga shi. Tele ɗaya ce a gidan, tana falo, nan wayar eriya ta shigo. Jiya da la'asar na leƙa na tarar ya kara rediyo a kunne, ido rufe, yana motsa kafaɗa kamar shi ne a fili. Mutumin nan yana saurayi ya tsaya cikin taron Tawa a 1975, shekarar da aka fara gasar ta ƙasa, ya ga Kantu na Maraɗi ya ci ta da idonsa. Yau jihohi 8 sun aiko ƴan kokowarsu, shi kuma sai dai ya ji a bakin mai sharhi. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Bayan sallar asuba na ɗauko tsohuwar kwamfutata da ɗan abin kama tashoshin TNT, wato tashoshin tele na dijital da ake kamawa da eriya, wanda ya yi kama da kile USB. Na soka shi, na haɗa da eriya, Télé Sahel ta fito tar cikin VLC, manhajar kallon bidiyo. Dabarar ita ce kwamfutar ta zauna a falo tana kama tashar, ta riƙa tura hoton ta wifin gida zuwa tabilet ɗin da zan jingine wa Baba a kan kujera. Hoton ba ya fita waje, tsakanin falo da ɗakin baya kawai yake yawo, saboda haka ba ya cin ko dala daga kuɗin intanet. Da ta intanet za a kalla, kwana goman gasar sai sun tashi da jikkoki.

Na sa VLC ya watsa ta HTTP, hanyar da shafukan intanet ke bi, ta ƙofa mai lamba 8080, wato lambar mashigar da tabilet zai nemi hoton a kwamfutar. Na buga ipconfig na ga adireshin kwamfutar, 192.168.1.7. Na je ɗakin Baba na rubuta shi cikin tabilet, na ƙara lambar ƙofa a ƙarshe. Ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, allo baƙi ƙirin.

"Mi ya faru, ɗan nan?" in ji Baba.

"Yana zuwa, Baba, a ƙara haƙuri kaɗan."

Na koma falo na buɗe watsin a kan kwamfutar ita kanta, ya fito lafiya lau. Ke nan hoto yana nan, a hanya ake tare shi. Sai na kashe katangar tsaron kwamfutar, mai tace abin da ke shiga da fita, wadda masu gyara ke kira parfe, na minti ɗaya don gwaji. Ban gama miƙewa ba autanmu ya ƙwalla daga ɗakin baya: "Yaya, ya zo!" Na mayar da katangar, hoto ya tsaya cak.

Nan muka ɗan yi musu da shi. Ya ce tun da an gano mai laifi, a bar ta a kashe mana, kowa ya huta. Ban yarda ba, kuma har yanzu ban ga kuskurena ba. Kwamfutar nan ita nake ɗauka wurin aiki, tana hawa wifin da ban san masu shi ba, takardun mutane na cikinta. Ko a nan gida, kalmar sirrin wifinmu ta daɗe da zagaya unguwa ta hannun yara. Na ce masa idan baƙo ɗaya kake jira, ƙofa kake buɗe masa, ba ka rushe katangar gida. Ya yi shiru amma na ga bai gamsu ba.

Abu na farko da na gano, Windows ta ɗauki wifin gidanmu a matsayin na jama'a, irin na tasha ko otal, inda ake toshe kusan duk mai ƙwanƙwasawa daga waje. Na mayar da shi na gida. Daga nan na buga wf.msc don buɗe saitin katangar, na shiga dokokin masu shigowa, na kafa sabuwa: TCP, ƙofa 8080, a bari a wuce, a kan wifin gida kaɗai. Na kuma taƙaita ta ga na'urorin da ke cikin gidan, masu adireshi 192.168.1 da wani abu. Akwatin wifi ban buɗe masa komai zuwa waje ba, babu dalili.

Na koma wurin Baba da ƙarfin gwiwa. Allo baƙi.

Wannan ne ya ci mini kusan awa biyu. Na share dokar na sake kafa ta, na kashe kwamfuta na kunna, na duba lambobin ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. Inna ta aiko da fura ta yi ta zama a gefena ban taɓa ba. Bayan azahar na zauna na bi jerin dokokin daga sama har ƙasa a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Can ƙasa na ga layi biyu masu sunan VLC, kowanne da jan zobe a gefensa, ɗaya na TCP ɗaya na UDP, hanyoyi biyu na aika bayanai tsakanin na'urori. Sai na tuna. Da safe, lokacin da na fara watsawa, wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a bar shirin ya karɓi masu shigowa, ni kuma cikin gaggawa na danna sokewa. Dannawar nan ce ta haifi dokokin hani guda biyu. A tsarin katangar kuwa, duk inda hani da izini suka haɗu, hani ne ke rinjaye. Na buɗe ƙofa, amma na bar mai gadi da umarnin kada ya bar kowa ya shiga wurin VLC. Na share su biyun. Ban ma tashi ba na ji muryar mai sharhi da kiɗan ganga suna fitowa daga ɗakin baya.

Wajen ƙarfe uku wuta ta ɗauke na ɗan lokaci, da ta dawo akwatin wifi ya ba kwamfutar sabon adireshi, 7 ta koma 4. Wannan bai ba ni wahala ba, na shiga akwatin na ɗaure mata lamba ɗaya ta dindindin. Hoton kuma yana ɗan sarƙewa saboda bango biyu na siminti da ke tsakani, sai na mayar da tabilet kan wifi mai zangon 2.4 GHz, wanda ya fi mai 5 GHz ratsa bango, na ƙara ajiyar VLC, hoton da yake tarawa kafin ya nuna, daga 1000 zuwa 3000, wato daƙiƙa uku.

Da la'asar aka shiga fili. Na gyara wa Baba matashi, na ja masa bargo zuwa ƙirji, autanmu ya zauna a bakin gado. Baba ya sa tabarau ya matso da fuska. Bai ce uffan ba sai da wani ɗan Tawa ya fito yana zagaya fili da layu a damtse, sannan ya ɗaga yatsa.

"Wanga yaro, dubi ƙafarshi ta hagu. Nan za a kama shi."

Saboda daƙiƙa ukun nan, ihun maƙwabta yakan riga hotonmu isowa. Mun ji unguwa ta ɗauka gaba ɗaya alhali a allonmu ana nan an sarƙe. Na ce masa gobe zan rage jinkirin. Ya ce in bar shi haka, ihun yana gaya masa lokacin da zai buɗe ido da kyau.

Ta ƙafar hagun aka kama shi kuwa. Baba ya daki katifa da tafin hannu har tabarau ya zame masa, ya ce a kira Inna ta zo ta ga maimaici.