Asabar ɗin da na je ganin ɗaki a Georgetown

Ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi nake wannan rubutu. Tun ƙarfe tara na safe nake hawa bene ina sauka a gidajen mutanen da ban taɓa gani ba, kuma da kuɗina na sayi wahalar.

Maƙwabciyata ce ta jawo mini. Tsohuwa ce Baturiya, ta kusa sa'ar Inna, shi ya sa nake ce mata Mama, ita kuma sunan ya yi mata daɗi. Tana cikin ƙungiyar matan cocin Prince George Winyah, tsohon cocin nan na jan bulo da ke tsakiyar garin Georgetown, a jihar South Carolina ta Amurka. Sama da shekara 70 ke nan matan cocin suna shirya wannan zagaye duk shekara idan sanyi ya wuce. Sukan roƙi masu tsofaffin gidaje na cikin gari da na gandayen bakin kogi su buɗe ƙofa kwana biyu, jama'a su sayi tikiti su shiga kallo, kuɗin kuma a yi ayyukan taimako da gyaran ginin cocin. Wata guda tana yi mini naci. Da na faɗa wa maigida, sai ya ajiye cokali ya ce, “Wato mutum ya biya kuɗi ya shiga har uwar ɗakin wani? Da maza da mata?” Na ce har da maza. Ya ce a sauka lafiya, shi da yara suna gida. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya tashi a gidan da baƙo namiji iyakarsa zaure, ba ka ce masa ya je leƙen gadon matar wani ba.

Ni kuwa abin bai yi mini baƙo can ba. Mu mata ai mun saba zuwa ganin ɗakin amarya, mu duba jere, mu ƙirga kwanuka da ido, a baki muna “Allah ya sanya alheri”, a zuci muna lissafin abin da uban yarinya ya kashe. Bambancin kawai, nan amaren sun haura shekara ɗari biyu.

Na ɗauki wata abokiyar aikina a hanya. Baƙar fata ce, haifaffiyar yankin nan, daga mutanen da ake kira Gullah, zuriyar bayin da aka kawo daga Afirka. Ta ce tun tana yarinya take jin labarin zagayen amma ba ta taɓa zuwa ba, yau ma don ni za ta je. A harabar coci aka ba mu taswira da ɗan littafin bayani, kowa ya shiga motarsa ya bi gidajen yadda ya ga dama. Mun leƙa cikin cocin kafin mu wuce. A 1721 aka kafa majami'ar, ginin kuma na wajen tsakiyar wancan ƙarni ne. Abin da ya ɗauki hankalina kujerun ne: kowane layi an kewaye shi da katako kamar akwati, da 'yar ƙofarsa, domin a da kowane iyali da nasa wurin. Mama tana bakin ƙofa da bajo a ƙirji, tana ganina ta rungume ni har sai da mayafina ya zame.

Gidajen cikin gari ba zan daɗe a kansu ba. Uku muka shiga. Baranda doguwa, daɓen katako mai ƙara, hotunan kakanni a bango, furanni a kowace kusurwa. A kowane ɗaki akwai wata dattijuwa tsaye tana maimaita bayani ɗaya ga duk ayarin da ya shigo. Masu gidan ba a ganin su, sun fice sun bar wa baƙi. A wani gida na hango takalmin yaro ɗaya da aka manta a ƙarƙashin kujera, sai na ji hankalina ya kwanta, ashe dai mutane ne ke kwana a ciki. Wani mutum a gabana ya kai hannu zai buɗe kabad, matarsa ta make hannun. Ko'ina dai akwai irinsu.

A bene na gida na biyu na yi karo da gado mai rumfa. Wallahi irin na kakata, sai dai nata na ƙarfe ne, wannan na katako mai duhu, dogo har sai an taka 'yar matakala kafin a hau. Mai bayani ta ce mu matso mu dubi ginshiƙan. An sassaƙa zangarniyar shinkafa a jikin kowanne. Ta ce gadon shinkafa ake kiran irinsa, domin shinkafa ce ta sayi gadon, ta sayi gidan, ta gina garin.

Wannan na riga na sani a takarda. Koguna huɗu ne ke haɗuwa a nan su zuba a mashigin tekun da ake kira Winyah Bay: Waccamaw da Pee Dee da Black da Sampit. A wajen 1840 kusan rabin shinkafar da ake nomawa a Amurka daga wannan yanki take fitowa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen yankin bayi ne. Amma sanin takarda daban, tsayuwa a bakin gonar daban.

Bayan azahar, wadda na yi a gefen mota a kan dardumar da nake ajiyewa a but, muka kama hanyar gandaye. Titi ne na ƙasa tsakanin manyan itatuwa da suka haɗe kai a sama, wata irin ciyawa mai launin toka tana reto a rassansu kamar gemun tsofaffi. Kyau kam akwai shi, ba zan yi ƙarya ba. Babban gidan fari ne tas, yana fuskantar kogi, layin masu shiga ya kai har tsakar fili. Muka ce bari mu zaga baya kafin layin ya ragu.

A bayan ne na ga fadamar. Shimfiɗe take har iyakar ganina, yanzu duk ciyawa ce da ruwa, amma har yau ana gane layin gaɓar da aka ɗaga da laka, da magudanan da aka haƙa a miƙe. Wani dattijo da ke tsaye a wurin ya nuna mana ƙofar ruwa ta katako. Ya ce idan teku ta cika takan turo ruwan kogi mai daɗi baya, sai a ɗaga ƙofar ya malale gona, idan ta janye a buɗe ɗaya ɓangaren ya fita. Kafin a yi gonar, wurin kurmi ne na manyan itatuwa a cikin ruwa, da kadoji da macizai. Da gatari da fartanya aka sare shi. Ya ce da zafi ya shigo masu gandun kan kwashe iyalansu su koma bakin teku, irin su Pawleys Island, don gudun zazzaɓi, ba sa dawowa sai sanyi ya kashe sauro. Waɗanda ke cikin laka kuwa nan suke kwana nan suke tashi. Ni 'yar Argungu ce, na san abin da fadama ke yi wa ƙafar mutum, na san kuma sauron da ke tashi daga cikinta da magariba. Amma namu manomin idan ya girbe, buhun nasa ne.

Can gefe akwai 'yan ɗakuna na katako, kowanne bai fi shagon mai kayan miya girma ba. Mu biyar ne kacal a wurin, alhali gaban babban gida ba masaka tsinke. A cikin ɗaya an ajiye turmi da taɓarya da faifai.

Na daɗe tsaye. Turmin na kututture ne, bakinsa ya cinye. Faifan kuwa ɗinkin nan ne na zagaye, ciyawa a naɗe an ɗaure da tsagin ganyen wani ɗan'uwan kaba, in ka ajiye shi a kasuwar Argungu ba mai cewa baƙo ne. Ban san lokacin da na ce wa abokiyata a gidanmu da wannan ake bakace ba, na gwada mata da hannu yadda ake kaɗa shi buntu ya tashi tsaba ta dawo. Ta dube ni ta ce kakarta haka take yi, kuma har ta rasu ranar da ba a dafa shinkafa ba cewa take ba a ci abinci ba. Yawancin waɗanda aka kawo nan daga Senegambiya da Saliyo da Angola aka kamo su, ba daga ƙasar Hausa ba, don haka ban ce mata mu dangi ne ba. Ita ma ba ta ce ba. Mun dai tsaya muna kallon turmi har wata mata ta ce mu ɗan matsa za ta ɗauki hoto.

Mun shiga babban gidan daga baya. Akwai fitilu masu lu'ulu'u da teburin cin abinci na mutum goma sha biyu. Mai bayani ta ce bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 noman ya fara mutuwa, guguwar teku ta ƙarasa shi a farkon ƙarni na 20, sai attajiran arewacin Amurka suka saye gandaye da yawa don harbin agwagwa. Ban riƙe sauran ba.

A hanyar komawa abokiyata ta ce in bi ta Prince Street. Ta sa na tsaya gaban wani gida mara kwalliya, ta ce na Joseph Rainey ne, wanda aka haifa bawa a garin nan a 1832, ya zama baƙar fata na farko a majalisar wakilan Amurka a 1870. Sau nawa na bi ta titin nan ban sani ba.

Da la'asar aka yi shan shayi, matan coci sun toya kek iri-iri. Na tambayi wanda ba giya a ciki, aka nuna mini, na ci biyu na naɗe wa yara uku. Mama ta zo da sauri tana tambaya wane gida ya fi burge ni. Na ce mata turmi. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce shekara talatin tana wannan aiki, kullum a ɗakin cin abinci ake ajiye ta, rabonta da zagawa baya har ta manta.

Na kira Inna da na iso, dare ya riga ya yi a gida amma ba ta kwanta ba. Na ce, “Inna, yau na ga faifanki a gidan Turawa.” Ta ce to me ya hana ni tambaya ko na sayarwa ne, tunda wanda ta sa mini a kaya na bar shi a Kano.