Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Horon Tabarma

A makon jiya na tsaya a inda ƙungiyarmu ta mahaya keke a Kano ta fara tsawaita fitar ranar Lahadi, daga zagayen cikin gari zuwa hanyar Wudil, wani lokaci kuma har Bagauda. A wannan zamanin ne ciwon ƙugu ya shigo rayuwata. Ƙafafuna ba su gaza ba, numfashina ma lafiya lau, amma da zarar tafiya ta miƙa sai in ji ƙasan bayana ya riƙe, kafaɗuna su yi tsami, tafin hannuna kuma ya sage saboda nauyin da nake sakar masa. Sana'ata ɗinki ce, don haka daga Litinin zuwa Asabar a sunkuye nake wuni a shago, ranar hutu kuma in sake sunkuyawa a kan sirdi.

A cikinmu akwai wani ma'aikacin sashen gashi na asibiti, wanda kowa ke kira Likita. Wata rana ya biyo bayana tun daga fitarmu gari, da muka tsaya shan ruwa sai ya ce mini: "Malam, ƙafarka na da ƙarfi, amma gangar jikinka ba ta riƙe ka. Kwankwasonka yana rangaji dama da hagu, gwiwarka kuma tana karkata waje duk lokacin da ka taka."

Bayanin da ya yi mini daga baya shi ne ya sauya yadda nake kallon hawan keke. Mahayin da ke juya feda sau 90 a minti ɗaya yana yin juyi 5,400 a sa'a guda, kuma kowane taku yana buƙatar kwankwaso ya tsaya cak domin ƙarfin cinya ya sauka a kan feda. Abin da ke tsayar da shi kuwa tsokokin ciki ne da na kwiɓi da waɗanda ke bin ƙashin baya, tare da na mazaunai. Idan waɗannan suka gaji tun ƙafa ba ta gaji ba, mutum ya zama kamar mai daka a turmin da bai zauna daram a ƙasa ba, sai ƙasusuwa biyar na ƙasan baya su ɗauki wahalar da ba tasu ba. Ya ambata mini wani bincike da aka buga a 2007 daga Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, inda aka gajiyar da tsokokin gangar jikin mahaya sannan aka sa su tuƙi. Ƙarfin da ke sauka a feda bai sauya ba, amma motsin gwiwa da na idon sawu ya sauya. Ba kuma irinmu 'yan Lahadi kaɗai abin ke damu ba, domin wasu masu bincike daga Oslo sun tambayi ƙwararrun 'yan tsere 109, suka buga a 2010 cewa kashi 58 cikin ɗari sun yi fama da ciwon ƙasan baya a cikin shekara ɗaya kafin a tambaye su.

Maganin da ya ba ni bai burge ni ba da farko, domin tabarma ce kawai da agogo. Motsi uku ne ginshiƙinsa, waɗanda Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo ta Kanada ya shahara da koyarwa. A na farko mutum zai kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwa ɗaya, ya tura tafin hannunsa ƙarƙashin ƙugu, sannan ya ɗaga kai da kafaɗa kaɗan ba tare da bayansa ya danne hannun ba. A na biyu zai kwanta a gefe ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗaga kwankwaso har jiki ya miƙe sak. Na uku shi ne ya fi ba ni wuya: mutum ya durƙusa kamar mai rarrafe, ya miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ba tare da ƙugu ya murɗe ba. Kowanne ana riƙe shi kamar daƙiƙa goma, a huta, a maimaita. Hikimar ita ce gangar jiki ta koyi hana motsi, tunda aikinta ke nan a kan keke. Shi ya sa Likita bai yarda da abin da samarinmu ke alfahari da shi ba, wato kwanciya da tashi zaune sau ɗari, domin a cewarsa bayan da ya wuni a lanƙwashe ba ya buƙatar ƙarin lanƙwasa.

Sai kuma miƙa jiki, wanda a ganina shi ne ya fi dacewa da duk mai sana'ar zama. Tsokar da ta taso daga ƙashin baya ta ratsa matsematsi zuwa cinya tana zama a takure muddin mutum na zaune, ko a shago ko a sirdi, kuma idan ta ƙage sai ta riƙa jan ƙugu. Ana sassauta ta da sa gwiwa ɗaya a ƙasa, a tura ɗaya ƙafar gaba, a matse mazaunai, a matsa gaba a hankali na daƙiƙa talatin. Bayan cinya da sha-raɓa ma suna da nasu rabon. Ya gargaɗe ni da in yi wannan bayan an sauko daga keke jiki na da ɗumi, kuma kada in yi motsin sunkuyo mai tsanani da zarar na tashi barci, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana cika da ruwa cikin dare, ya fi saurin jin rauni da sassafe. Don haka na mayar da nawa horon bayan magariba.

Shigar da abin cikin ƙungiya ya fi yin sa wahala. Manyanmu suna ganin kwanciya a tabarma gaban yara zubar da girma ne, samari kuma suna cewa duk mintin da ba a kan taya aka kashe shi ba asara ce. Likita bai yi jayayya da kowa ba. Ya dai tuna mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya su ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma keke, duk amfaninsa ga zuciya, ba ya ɗora wa ƙashi nauyin da zai ƙara masa ƙwari. Masu cewa ba su da kayan ɗagawa ya nuna musu jarkar ruwa mai lita goma, wadda nauyinta kilo goma ne, su rungume ta su riƙa tsugunnawa suna miƙewa.

Watan azumi ne ya raba gardama. Doguwar fita ta tsaya, kowa na tsoron ya rasa ƙarfinsa kafin Sallah, sai aka fara taruwa a soron shugabanmu bayan asham, kowa da tabarmarsa. Dattijon da ya fi kowa sukar abin shi ya koma mai riƙe agogo.

Ni dai a shago na fara ganin sauyi kafin a hanya, domin na lura ina tashi daga kan keken ɗinki ba tare da dafa ƙugu ba. Raguwar sagewar hannu ta biyo baya, tunda ciki ya karɓi nauyin da nake jibga wa tafin hannu. Gaskiya ba tabarma kaɗai ta yi aikin ba, don Likita ya rage tsayin sirdina kaɗan, kuma wani ɗan'uwanmu da ciwonsa ke saukowa har ƙafa tare da mutuwar yatsu, shi asibiti aka tura shi kai tsaye, aka hana shi wannan horon sai an duba shi.

Da Sallah ta wuce ne shugabanmu ya kawo shawarar mu gwada zuwa Zariya mu dawo a rana ɗaya, kuma labarin wannan tafiyar ne zai zo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.